Faci a Fadamar Wurno da Lodin Albasa a Baya

Wanda ya saba canja tayar ƙaramar mota a kan kwaltar cikin gari yakan ɗauka Hilux ma haka take, girma kawai ta fi. Notin dai noti ne, guda 6, sifana mai lamba 21 ke kwance su. Wuyar tana wajen ƙasar da motar ta tsaya a kai, da nauyin da ke bisa kanta.

A watan Afrilu ne, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, na ɗauko albasa daga wata fadama a ƙasar Wurno zan kai kasuwa. Ban kai ga kwalta ba na ji bayan motar yana rinjaya hagu. Kututturen icce ne da aka sare ya tsaga tayar baya ta gefe. Irin wannan tsagar mai faci ba ya da maganinta, sai safaya.

Ban tsaya nan take ba. Na lallaɓa motar gaba kaɗan zuwa inda ƙasa ta fi tauri kuma ba gangara, tunda tayar ta riga ta tafi. Na ja hambirki, na sa giyar ƙafa huɗu mai ƙarfi, wato wadda ke haɗa tayoyin gaba da na baya su ja tare, na bar ta a giya ɗaya, na kashe inji. Dalili shi ne hambirki tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, to ga shi ɗaya daga cikinsu za a ɗaga sama. Idan giyar ƙafa huɗu na ciki, tayoyin gaba ma suna taya riƙo. Duk da haka sai da na sa waigi a tayar gaba ta dama, wadda ke kusurwa da mai facin. Dutse na da wuyar samu a fadama, guntun kututture na samu.

Daga nan ni da yaron motata muka sauke rabin buhunan. Motar ita kaɗai ta kai wajen tan 2, balle da lodi, kuma jak ɗin da ke zuwa da ita ɗan ƙarami ne mai kamar kwalba.

Safayar Hilux tana rataye ne a ƙarƙashin bodi ta baya. Akwai wasu ƙarafa da ake haɗawa su zama sanda, a zura ta wata ƙofa da ke saman bamba, a riƙa juyawa har tayar ta sauko ƙasa. Ƙura da laka kan cushe wurin, shi ya sa nake saukar da ita lokaci-lokaci a gida ina shafa mata girisi, in duba iskarta. Da yawa sai a daji suke gano safayarsu ta daɗe da sacewa. Kuma a sauko da ita tun kafin a ɗaga mota, kada a zo ana jijjiga motar tana kan jak.

Haka ma notuna, tun taya na ƙasa ake sassauta su, rabin juyi kowane. Masu faci na gari da ke ɗaurewa da bindigar iska sukan matse su fiye da kima, don haka nake yawo da guntun bututun ƙarfe da nake zura wa sifana ta ƙara tsawo.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen kafa jak. Gindinsa bai fi tafin hannu ba, a rairayi kuwa yana ɗaukar nauyi sai ya nutse ko ya karkace. Na share ƙasar sama mai laushi da shebur har na tarar da mai tauri, na shimfiɗa katakon da ba na rabuwa da shi, mai kauri, faɗinsa kamar taki ɗaya, na ɗora jak a tsakiya, kansa ya tokari aksul ɗin baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, kusa da sifirin. Ba a tokarar bodi ko matakalar gefe, lanƙwashewa za su yi.

Ina cikin buga jak ɗin wani dattijo ya tsaya da amalankensa na shanu, ya yi sallama.

"Sannu ɗana. Kak ka ƙara ɗaga ta, ta isa. Gina ƙasa za ka yi."

"To, Baba."

Gaskiyarsa. Tayar da ta sace gajera ce, safaya mai cike da iska ta fi ta tsawo, don haka tsohuwar na fita sabuwar kan ƙi shiga. Maimakon a ƙure jak har ya fara rawa, sai a tone ƙasar da ke ƙarƙashin wili kamar zurfin yatsu huɗu. A kwalta ba dama, amma a fadama wannan ita ce hanya mafi aminci. Dattijon ya ce haka suke yi in ƙafar amalanke ta lalace.

Tayar da na cire na tura ta kwance a ƙarƙashin firem, ko da jak zai zame motar ta faɗa kanta. Ban bar yaron ya sa ko hannu a ƙarƙashi ba. Safayar da wilinta ta kai wajen kilo 30, ga ƙarfe ya yi zafin da ba ya taɓuwa sai da tsumma. Na mirgino ta, na sa sifana a ƙarƙashinta na ɗan bankaro ta har ramukan suka dace da ƙusoshin. Na fara ɗaura notunan da yatsa don kada zare ya ci juna, sannan da sifana, ana tsallakawa: wannan, sai na daura da shi, ba bi da bi ba. Matsewar ƙarshe sai da motar ta sauka ƙasa, kuma ban sa bututun ba, balle in taka da ƙafa.

Muka mayar da buhuna, dattijon ya ƙi karɓar komai sai ruwan sanyi. La'asar ta yi, kuma a wannan yanki yanzu ba mai son magariba ta riske shi a hanya.

Da na hau kwalta na cire giyar ƙafa huɗu. Irin wannan mota ba ta son ta a kan kwalta, musamman da yake safayar ta fi sauran tayoyin ƙwari, tsawonsu bai zo daidai ba, sai giyar ta riƙa ɗaurewa. A Achida na tsaya na sake bin notunan, biyu sun ɗan ƙara shiga. Washegari wajen sayen sabuwa na duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, na kuma tabbatar girmanta ɗaya da sauran ukun kafin in biya.