Makahon gurbin da ke cikin ido: yadda na auna shi da alli da kwali

Duk mai ido biyu yana yawo da makahon gurbi biyu, ɗaya a kowane ido, kuma galibin mutane har su tsufa ba su sani ba. Ba ciwo ba ne, haka halittar take. A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai laushi da haske ke sauka a kai, ɗauke da ƙwayoyin karɓar haske kusan miliyan 100. Saƙon da suka karɓa yana bin wasu zaruruwa sama da miliyan 1, waɗanda ke haɗuwa su zama jijiyar gani, su huda tantanin su wuce zuwa ƙwaƙwalwa. Daidai inda suka huda ɗin babu ƙwayar karɓar haske ko guda. Abin da hotonsa ya faɗa wurin, ido bai gan shi ba.

Na sha yin wannan gwaji da ƴan kwaleji a nan Maradi, kuma kayan aikinsa ba su wuce farin kwali, bik baƙi, alli, karan dawa da abin awon tela mai santimita ba.

Ana farawa da kwali. A hagu ka zana alamar tarawa (+), a dama ka yi baƙin ɗigo mai faɗin rabin santimita, tsakaninsu santimita 10 cif, a kan layi ɗaya. Ka rufe idon hagu da tafin hannu, ka miƙe kwalin iya tsawon hannunka, alamar tarawar tana saitin idon dama. Ka kafa mata ido, sannan ka riƙa jawo kwalin zuwa fuskarka a hankali. Wajen santimita 45 daga ido ɗigon zai ɓace ɓat. Ka ci gaba da jawowa, wajen santimita 30 sai ga shi ya dawo. In idon hagu za a gwada, sai a juya kwalin ɗigon ya koma hagu, a rufe idon dama.

A kowane aji sai an sami waɗanda za su ce nasu bai ɓace ba, kuma dalilin kusan kullum ɗaya ne: ido yana satar kallon ɗigon. Da ya motsa, gurbin ya motsa tare da shi, tunda a jikin idon yake. Maganin da na samu shi ne a rubuta ƙaramin harafi a maimakon alamar tarawa, a ce wa yaro ya riƙa karanta shi a zuci. Wasu kuma idon da bai dace ba suke rufewa. Jijiyar tana fita ne ta gefen hanci, amma da yake hoto a juye yake sauka a bayan ido, gurbin yana bayyana ta gefen kunne: na idon dama a dama, na hagu a hagu. Karkata kai ma yana ɓata aikin, haka sauri, haka ɗigon da ya cika girma. A wannan nisan faɗin gurbin kusan santimita 3 da rabi ne, saboda haka ɗigo mai girman bakin kofin shayi gefensa zai riƙa leƙowa. Akwai kuma masu leƙe ta tsakanin yatsu ba da saninsu ba. Takardar kaye, wato littafin rubutu, ba ta yi, musamman da hunturu, iska na lanƙwasa ta, awon ya lalace.

Wannan ya nuna gurbin yana nan. Auna girmansa kuwa sai a jikin allo. Wanda za a auna ya zauna mita 2 daidai daga allon, ya ɗora haɓarsa a kan makarin kujera don kada kai ya motsa, ya rufe idon hagu, a yi masa alama da alli a saitin idon dama, ya kafa mata ido. Sai a shafe karan dawa da gawayi ya yi baƙi kamar allon, a manna farar takarda mai faɗin santimita 1 a bakinsa. Mai taimako ya fara daga alamar ya riƙa jan karan zuwa dama sannu a hankali. Da mai kallo ya ce "ta ɓace" a yi ɗigo da alli, da ya ce "ta dawo" a yi wani. Ɗigon allin ya zama ƙarami ƙwarai, in ba haka ba shi ma zai ja ido. Dole a maimaita daga dama zuwa hagu, domin kafin mutum ya lura ya buɗe baki karan ya riga ya ɗan wuce, sai iyakar ta gusa zuwa inda ake tafiya. Sau uku ta kowane gefe, a ɗauki tsakiya. Daga nan a tsaya a tsakiyar gurbin a yi sama da ƙasa.

A idona na dama farar takardar tana ɓacewa wajen santimita 45 daga alamar, ta dawo wajen 65, tsayin gurbin kuma ya kai kusan 25. In aka haɗa ɗigogin sai siffar ƙwai a tsaye ta fito, tsakiyarta ta ɗan sauka ƙasa da layin alamar. Wannan ya yi daidai da abin da likitocin ido ke samu da na'ura: kusurwar kusan digiri 15 daga tsakiyar gani, faɗi digiri 5 da rabi, tsayi 7 da rabi. Wata ɗan daren goma sha huɗu rabin digiri kawai yake ci a sama. Ke nan za a jera irinsa goma a cikin gurbin, duk su ɓace.

Lissafin da ya fi burge ƴan aji shi ne na ƙarshe. Faɗin santimita 20 a nisan santimita 200 ɗaya bisa goma ne. Daga inda haske ke gittawa cikin ido zuwa tantanin baya kusan milimita 17 ne. Ɗaya bisa goma na 17 ya ba da milimita 1.7, wanda shi ne kimanin faɗin bakin jijiyar. Wato da alli da kara mutum ya auna wani abu da ke cikin idonsa, wanda bai kai ƙwayar gero biyu ba. Mai son wasa kuma ya tsayar da abokinsa mita 3 daga gare shi, santimita 80 dama da alamar, alamar tana daidai tsayin fuskar abokin. Kan zai ɓace, kafaɗu su rage. Ranar da aka yi wannan sai an daɗe kafin aji ya lafa.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci ba awon ba ne. Wata rana wani yaro ya ce, "Mushe, to in ban gani ba, mi ya sa ban ga rami ba?" Gaskiyarsa. Idan ɗigon ya ɓace ba baƙin rami ake gani ba, farin kwali ake gani sumul. In kwalin rawaya ne, rawaya ake gani. Ka ja layi mai kauri ka yanke tsakiyarsa da santimita 2, ka jefa yankewar cikin gurbin, layin zai haɗe kamar ba a taɓa yanke shi ba. Ka zana zobe mai kauri wanda raminsa ya fi gurbin ƙanƙanta, zai koma faifai cikakke. Na manna ɗigon a kan tabarma da kuma ƙyallen atamfa mai ƙananan zane, zanen ya rufe wurin. Amma a kan rubutun jarida, mutum zai ce yana ganin "kamar rubutu", ka ce ya karanta harafi ɗaya ya kasa. Ƙwaƙwalwa tana aro daga abin da ke kewaye ta yi faci, kuma ba ta sanar da mai ita cewa faci ne.

A nan masana suka rabu. Daniel Dennett, masanin falsafa ɗan Amurka, a 1991 ya ce babu wani faci, ƙwaƙwalwa kawai ba ta tsammanin labari daga wurin, don haka ba ta jin rashinsa, kamar yadda ba ka ganin duhu a bayan ƙeyarka. Vilayanur Ramachandran, likitan ƙwaƙwalwa haifaffen Indiya, a daidai waɗannan shekaru ya ce akwai faci na gaske, ya kafa hujja da gwaje-gwaje irin na layi da zobe. An kuma auna ƙwayoyin ƙwaƙwalwar birai a sashen gani na farko, can wajen ƙeya, aka tarar wasu daga cikin masu wakiltar gurbin suna motsawa idan dogon layi ya ratsa ta cikinsa, alhali ido bai aiko da komai daga wurin ba. Ni na fi karkata ga Ramachandran, domin layin da ya haɗe ganinsa ake yi, ba ƙyale shi ake yi ba. Sai dai rubutun jaridar yana ba Dennett ɗan gaskiya.

Akwai kuma inda ni da na'urar asibiti duka muke tsayawa. Iyakar gurbin tana aunuwa, kuma ana iya kama mai ƙarya: in yaro ya ce takarda ta ɓace a santimita 20, na san wasa yake ko idonsa ya motsa. Amma abin da ke cikin gurbin, wato rawayar da ya ce yana gani, ba ni da hanyar shiga in duba. Maganarsa ce kawai hujjata. Biri ba ya magana, saboda haka motsin ƙwayarsa bai gaya mana abin da ya gani ba. Na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana nuna inda jini ya ƙaru, sannan a tambayi mutumin me ya gani a haɗa biyun. Ta kowace hanya aka bi sai an dawo kan bakin mai ido. Na kuma koyi cewa yadda aka yi tambaya yana canza amsa. In na ce "layin ya haɗe, ko?" kusan kowa zai ce e, saboda kunyar malami. Yanzu sai in ce kowa ya zana abin da ya gani a kayensa kafin a yi magana, kuma zanen ba ya zuwa iri ɗaya: wani layi cikakke, wani layi mai dishi-dishi a tsakiya.

Wanda ya fara bayyana gurbin, Edme Mariotte na Faransa, ya wallafa shi a 1668, kuma shi kansa misali ne na wannan iyaka. Awonsa daidai ne, fassararsa ce ta kuskure. Ya lura cewa a bakin jijiyar babu wani baƙin tantani mai jijiyoyin jini da ke bayan na farko, sai ya yanke cewa wannan baƙin ne ke gani. An daɗe ana gardama kafin madubin ƙara girma ya nuna ƙwayoyin karɓar haske da inda suke. Tun kafin shi da ƙarnoni, Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya riga ya ce haske ne ke shiga ido, kuma gane girman abu da nisansa hukunci ne da hankali ke yankewa cikin sauri har mutum bai san ya yanke ba. Hermann von Helmholtz na Jamus ya sake faɗin kusan haka a 1867.

Don kada a ɗauka ido ne kaɗai, nakan ƙara da kwano uku: ɗaya ruwan ƙanƙara, ɗaya ruwan ɗumi kusan digiri 40, na tsakiya ruwan randa. Hannu ɗaya a sanyi, ɗaya a ɗumi, minti ɗaya, sannan duka biyun a na tsakiya. Ruwa guda, hannu ɗaya ya ce ɗumi, ɗaya ya ce sanyi, domin fata canji take ji fiye da ainihin zafin. Kada ruwan ɗumin ya wuce digiri 45, kuma da bazara a sa ƙanƙarar dab da farawa, zafin Afrilu a Maradi ba ya barin ta.

Da ido biyu a buɗe gurbin ba ya damun kowa, kowane ido yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Amma mai ido ɗaya, ko wanda aka ɗaure wa ido bayan aiki, ya sani cewa a nisan mita 30 faɗin gurbin ya kusa mita 3, ya isa ya haɗiye ɗan kabu-kabu da fasinjansa. Irin wannan mutum ya riƙa juya kai sosai kafin ya tsallaka titi.

Wannan facin ne kuma ke sa hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma, yake cin mutum a ɓoye. Ciwon yana kashe zaruruwan jijiyar gani kaɗan-kaɗan, sababbin gurabe suna buɗewa daga gefe, ƙwaƙwalwa tana rufe su kamar yadda take rufe na halitta, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Gwajin allo ba ya wanke mutum daga wannan ciwo. Amma in an zagaya da karan aka sami wani wurin daban da takarda ke ɓacewa, ko gurbin ido ɗaya ya fi na ɗayan girma sosai bayan an maimaita, a tafi sashen ido na asibiti a auna ƙarfin ruwan ido, wanda yawanci yake tsakanin 10 da 21 a ma'auninsu, a kuma haska a duba bakin jijiyar. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da mai ciwon a dangi, ya je ko da allon bai nuna komai ba.