Kafin ka ɗora fim a intanet, kai wa masu shi su gani

A 1954 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya kafa farin ƙyalle a Ayorou, wani gari a bakin Kogin Kwara can yammacin Nijar, ya tayar da janareta, ya nuna wa Sarkawa fim ɗin farautar dorina da ya ɗauke su suna yi 'yan shekaru kafin nan. Suka kalla, suka sake kalla, sannan suka faɗa masa abin da ba wanda ya faɗa masa a Paris: kiɗan da ya sa a daidai wurin farauta kuskure ne. Farautar dorina a cikin shiru ake yin ta, kiɗa kuwa ƙara mata ƙarfin zuciya zai yi ta tsere. Ya karɓi gyaran. Daga nan ya rage cusa kiɗa a finafinansa, ya kuma mai da komawa wurin mutanen da ya ɗauka wani ɓangare na aikin. A irin wannan zama ne aka ba shi shawarar finafinai biyu da suka yi suna daga baya, ɗaya kan 'yan cirani masu tafiya Gwalkwas, wato Ghana ta yau, ɗaya kan maharba masu kashe zaki da kwari da baka.

Ƙannena masu yawo da waya kuna ɗaukar kasuwa da maƙera da bukukuwa, da na san wannan labari da wuri da na huta da kunya guda. Na taɓa ɗaukar wani dattijon maƙeri yana ƙera garma. Hoto ya yi kyau, wuta ja zur, yaro na ta zuga, tartsatsi na tashi. Da na zauna tacewa sai na ga ƙarar masaba ta yi yawa, na danne ta, na ɗora kiɗan gurmi a kai don a ji daɗin kallo. Na saka a Facebook, mutane suka yaba. Sai daga baya na je na nuna masa a waya, ina jiran sa albarka. Ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mini wayar, ya ce, "Yaro, ina aikin?" Na ce, "Baba, ga shi kana gani." Ya ce shi da kunne yake ƙira. Ƙarar ƙarfe a kan uwar maƙera ita ke gaya masa ya yi laushi ko ya fara hucewa a mayar da shi wuta, bugun nasa kuma shi ke gaya wa mai zuga ya ƙara ko ya sassauta. Na cire abin da ya sa shi maƙeri, na bar wani tsoho yana ɗaga hannu. Gyaran ba zai ci mini rabin awa ba, da na je kafin in ɗora.

Rouch ba makarantar fim ya yi ba. An haife shi a Paris a 1917, injiniyan hanyoyi da gadoji ne, aikin da ya kawo shi Nijar ke nan a 1941. Can ya haɗu da Damouré Zika, wani saurayi Basarke wanda ya zama abokinsa kuma abokin aikinsa har tsufa. A 1946 zuwa 1947 shi da abokansa biyu suka bi Kwara a kwalekwale tun daga mafarinsa har teku, a hanya ƙafar kyamararsa ta salwanta, dole ya koyi ɗauka da hannu. Kyamarar ma irin wadda ake wana wa ce, ba ta wuce daƙiƙa ashirin da 'yan kai sai ta tsaya. Na faɗi wannan ne saboda masu cewa sai sun sayi babbar kyamara za su fara. Ni ma na ɓata lokaci a wannan layi, ba abin da na tsinta.

Amma kada ku ɗauka yardar mutanen da kuka ɗauka ta wadatar. A Akra, a 1954, 'yan Hauka, waɗanda yawancinsu 'yan cirani ne daga Nijar, su da kansu suka gayyaci Rouch ya ɗauki taronsu na shekara, inda iskoki masu siffar gwamna da janar da sauran manyan mulkin mallaka ke hawa kansu. Fim ɗin, Les Maîtres fous, ya nuna kumfa a baki da yanka kare. Da aka haska shi a gidan tarihin Musée de l'Homme a Paris, malaminsa Marcel Griaule ya ce a lalata shi, ɗaliban Afirka da ke wurin suka fusata don sun san yadda Bature zai kalli baƙar fata bayan ya fito, Turawan Ingila kuma suka hana nuna shi a Gwalkwas. Duk da haka fim ɗin ya ci kyauta a bikin finafinai na Venis a 1957. A 1965 Sembène Ousmane, mai shirya finafinai ɗan Senegal, ya gaya wa Rouch ido da ido cewa irinsu suna kallon 'yan Afirka kamar ƙwari. Ina ganin girman Rouch, amma a nan Sembène yana da hujja. A yawancin finafinan nan muryar Rouch ce ke bayani, shi ke gaya wa mai kallo ma'anar abin da wasu ke yi da jikinsu.

Na faɗa irin wannan rami, nawa ma ya fi muni don ba ni da uzurin zamani. Wata mata ta yarda na ɗauke ta tana ba da labarin yadda aurenta ya mutu da yadda ta riƙe 'ya'yanta da sana'ar ƙosai. Hira ce doguwa mai mutunci. Don in jawo masu kallo na yanko gutsuren da ta fashe da kuka na sa shi a gaba. Gutsuren ne ya yi yawo, wasu suka ɗora masa waƙa, dangin tsohon mijin suka gani. Ta yarda da hirar, ba ta yarda da wannan ba, ni kuma ban tambaye ta ba. Abin da ka ɗora a TikTok ba mai mayar maka da shi. Ku tambayi kanku wa zai gani, a wane gari, kuma in an raba daƙiƙa goma da sauran fim ɗin me za su zama.

Inda Rouch ya fi burge ni shi ne bai bar mutanensa a matsayin abin ɗauka ba. Oumarou Ganda ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Abijan lokacin da ya fito a fim ɗin Rouch mai suna Moi, un noir na 1958, kuma shi ya yi magana da bakinsa a kan hotunan. Daga baya ya zama darakta, fim ɗinsa ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 1972. Damouré da Lam Ibrahim Dia da Tallou Mouzourane kuwa tare da Rouch suka riƙa ƙirƙirar labari, har suka haɗa farkon sunayensu suka kira kansu Dalarouta. Hatsarin mota ne ya yi ajalin Rouch kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004, yana da shekara 86, aka binne shi a Yamai. Ku dubi yaron da ya kai ku unguwar, ya yi muku tafinta, ya riƙe muku makirfo a rana. Ku sa sunansa a rubuce, ku biya shi, ku bar shi ya riƙe kyamarar wani lokaci.

Ranar nunawa kuma akwai yadda ake yi. Ku tafi da kwamfuta da 'yar lasifika, kada ku tsaya a gaba kuna bayani, ku koma baya ku yi shiru ku lura da inda aka yi dariya da inda aka sunkuyar da kai. Karon farko kowa kansa yake nema a hoto, don haka sai an maimaita kafin gyara ya fito. In kun tambayi "ya yi kyau?" za a ce muku madalla saboda kara. Ku tambayi abin da ya ɓace da abin da bai kamata baƙo ya gani ba. Mata kuma ku nemi izini a kai musu cikin gida su kalla su kaɗai, in da hali mace ta kai, domin a gaban mai gida da dattawan unguwa ba wadda za ta ce a cire fuskarta.