Laraba, a ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa

Ana idar da sallar asuba muka saki igiyar, doguwa ce cike da mai, an jera mata haidirofon, wato kunnuwan sauraren ƙarƙashin ruwa. Jirginmu ya doshi yamma yana janta a baya.

Kafin hantsi allon kwamfuta ya cika da hayaniya. Jiragen kasuwanci sama da 400 ke ratsa mashigar Dover kullum, kuma hanyarsu na kudu da mu. Farfela ta ta da kumfa, kumfa ta fashe, sai wani gurnani ƙasa-ƙasa, daga hertz 10 zuwa 'yan ɗaruruwa (hertz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya), irin wanda ruwa ba ya saurin cinyewa. Shi ya danne ɗan sautin gwajin da wani kwale-kwale ke sakar mana daga arewa.

Ciwon kan shi ne, kunnuwan da aka jera a layi ɗaya ba su san dama da hagu ba. In kusurwa ta zo ɗaya, sautin arewa da na kudu a wuri guda suke faɗowa. A da, in ana son bambance su, sai dai a karya kan jirgi, a zauna jiran igiya ta sake miƙewa.

Bayan azahar muka kunna sabon sashen igiyar. Na'urorinsa ba matsin ruwa kaɗai suke aunawa ba, har da ɓangaren da ruwan ke motsawa in sauti ya ratsa shi. In ka haɗa biyun, kunnen ya kurumce ta gefe ɗaya. Na juya kurman gefen zuwa kudu, daidai lokacin da AIS, wato na'urar da ke bayyana inda jiragen ruwa suke, ke nuna wani ƙaton jirgin kwantena a hagunmu. Ina kallo layinsa ya dusashe, siririn layin gwajinmu ya fito tas. Wallahi sai da na miƙe tsaye.

Murnar ba ta daɗe ba. Da kyaftin ya ƙara gudu igiya ta soma kakkarwa, na'urar kuwa ba ruwanta, motsi motsi ne, duk ta kwashe. Shugabar tawaga ta ce shi ya sa ta fi yarda da ɗaya hanyar bambance dama da hagu, wato jera haidirofon uku-uku a zagaye. Ni ban gamsu ba. A hertz 100 tsawon kaɗawar sauti guda a ruwa mita 15 ne, su kuwa ukun tazararsu 'yan santimita ce, me za su bambance?

Mun yi musu har wurin cin abinci. Gobe za a rage gudu a maimaita, in teku ta kwanta.