Yau muka yi wa tsohon jirgin Kawu riga

Asabar, Yelwa ta Yawuri.

Hannuwana ƙaiƙayi suke yi tun daga wuyan hannu har gwiwa, kamar wanda ya wuni a masussukar gero. Sabon jirgin ruwa muke haɗawa da fayiba, wato zaren gilashi da ake jiƙawa da rezin ya daskare. Na yi wanka sau biyu da ruwan randa, domin an ce ruwan zafi ƙara cusa zaren gilashin yake yi cikin fata. Maman yara ta ce kada rigar aikina ta kuskura ta shiga cikin wankinta, na rataye ta a bayan rumbu.

Ana sallame Asuba muka fara, ni da ƙanena da wani ɗalibina da ya ce yana son koyo. Sammakon dole ne. Hunturu ya fara janyewa, zafi ya kunno kai, shi kuwa rezin, ruwan nan mai danƙo da ke daskarar da fayiba, ba ya shiri da rana: da sanyin safiya zai ba ka kusan minti ashirin kana aiki, da hantsi ya dubi ludayi sai ya rage maka rabi. Na yayyafa ruwa a tsakar gida saboda ƙura, na bari ya tsotse, sannan muka fito da tabarmar fayiba, wato shimfiɗar zaren gilashin, daga ɗaki. Ita ko ɗigon ruwa ba a so ya taɓa ta.

Tsohon kwale-kwalen Kawu na kife a kan benci biyu ƙarƙashin rumfar tampol, tsawonsa mita 6. Shi ne ma'aunina. Mako uku na yi ina cike tsagoginsa da filar da masu gyaran jikin mota ke amfani da ita, ina gogewa da samfefa, har ya yi sulɓi kamar bayan ƙwarya. Jiya na shafa masa kakin zuma na kanti sau biyar don kada fayibar ta manne masa, kowace shafa sai ta bushe na goge kafin ta gaba. Dabarar ita ce a shimfiɗa fayiba a bayansa, in ta daskare a ɗaga ta kamar hula, sai ga sabon jirgi mai siffar tsohon. Abin da ya sa hakan zai yiwu shi ne bakin jirgin ya fi gindinsa faɗi. Da irin wanda bakinsa ke tsukewa ne, da rigar ta kama shi har abada.

Mutane suna tambayata me ya kai malamin makaranta wannan wahala. Amsar tana kasuwar katako. Madaci da kawo irin waɗanda iyayenmu ke samu sun yi wuya, wanda ake samu yanzu ɗanye ne, ƙarami, ga tsada. Jirgin da aka haɗa da shi bai daɗewa yake fara shan ruwa, kullum mutum ɗaya na tuƙi, ɗaya na kwarfa. Na tashi ina ganin Baba, Allah ya jiƙansa, yana cusa auduga a tsaga yana bi da kwalta duk shekara, kamar biyan haraji. Fayiba ba ta ruɓewa, gara ba ta ci, ba ta kumbura ba ta tsukewa.

Na auna komai tun daren jiya. Bayan jirgin ya kai kimanin murabba'in mita 8. Tabarmar mai nauyin giram 450 ce a kowane murabba'in mita, kuma tana shan rezin ninkin nauyinta biyu da rabi, wato shimfiɗa ɗaya za ta ci kusan kilo 9. Shimfiɗa huɗu nake so: tabarma biyu, sai saƙaƙƙen ƙyallen gilashi mai kauri, sai tabarma ta rufe. Yau biyun farko muka sa gaba. Ba a jibga su duka a zama ɗaya, domin rezin da kansa yake fitar da zafi idan yana daskarewa, in ya yi kauri sai ya lanƙwasa aikin.

Kilo ɗaya nake damawa a lokaci guda, da mililita 10 na ruwan daskararwa, da sirinji nake auna shi. Wannan ruwan shi ne abin tsoro a duk aikin. Ɗigo ɗaya a ido na iya makantar da mutum, don haka tabarau na sa, kwalbar kuma a aljihuna take zama, ba na ajiye ta inda yaro zai kai hannu.

Aikin da kansa yana da daɗi in hannu ya saba. Ka shafa rezin a jikin jirgin, ka ɗora tabarmar, ka riƙa dangwala buroshi a kanta. Dangwalawa fa, in ka ja kamar mai fenti sai zaren ya tattaru ya zama curi. Ka ɗan dakata. Sai ka ga farar tabarma ta saki jiki, ta koma garau har kana hango launin katakon da ke ƙasa. Nan ne rola mai tsaga-tsaga ke shiga, tana korar iska. Duk inda ka ga fari-fari ya rage, iska ce ta ɓoye, kuma nan ruwa zai fara neman hanya wata rana. Ɗalibin nan ya fi mu ido, shi muka bar wa rola. Gefen tabarmar kuwa da hannu muke yagewa maimakon almakashi, domin yagaggen baki ya fi narkewa cikin na kusa da shi, a ɗora ɗaya kan ɗaya kamar faɗin yatsu uku.

Wajen ƙarfe tara mun gama shimfiɗar farko. Warin ya cika gidan har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta tambaya ko fetur ne ya zube. Muka sha koko da ƙosai a nesa da rumfar, muka jira ta ɗan kama.

A ta biyu ne aka yi ɓarnar, kuma laifina ne. Ƙarfe sha ɗaya saura, na ga rana na hawa, na so mu yi sauri. Na ce wa ƙanena ya dama kilo biyu a haɗe, na miƙa masa kwalbar ban tsaya a kansa ba. Shi kuma ya tuna abin da ke rubuce a jikin galan, kashi biyu cikin ɗari, ya zuba mililita 40, ya kuma ajiye bokitin inda inuwa ta riga ta gudu. Ko rabin gefe ɗaya ba mu kai ba na ji buroshi ya yi nauyi. Na duba, rezin ya zama kamar dafaffen kamu. Kafin in ce wani abu bokitin ya yi zafin da ba a iya riƙewa, ya fara hayaƙi, ya tsattsage yana ƙara. Da sanda na ja shi zuwa fili. Kilo ɗaya da rabi ya tafi, da buroshi biyu, rola ce kawai muka ceto da asiton, ruwan da ke wanke rezin. Na so in yi faɗa, sai na tuna wa ya ce a dama biyu.

Ana cikin haka Kawu ya yi sallama. Shekara da shekaru yana haɗa jirage a bakin ruwa, kuma tun da na fara aikin nan bai ce uffan ba, jirgin kawai ya ba ni. Ya zagaya rumfar sau biyu hannunsa a baya. Sannan ya je ya ɓanɓaro guntun fayiba da ya bushe a gefen benci, ya jefa a bahon wanke-wanke. Tsulum, ya nutse. Ya ɗauki guntun katako ya jefa, ya tsaya a sama yana lilo.

"To Malam," in ji shi, haka yake kirana in zai yi mini ba'a, "in ya kife a tsakiyar ruwa, me yaran za su kama?"

Na ce, "Kawu, ai na yi tunanin wannan."

"Ka yi tunani, ko ka yi shiri?"

Gaskiyarsa. Jirgin katako ko ya cika da ruwa yakan tsaya a sama, mutum ya rungume shi har taimako ya zo. Fayiba ta fi ruwa nauyi da kusan rabi, in ta cika sai ƙasa. Ruwanmu kuma ba na wasa ba ne. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye tsohuwar Bussa da dazuzzuka, har yau kututturen itatuwa na nan a ƙarƙashi suna jiran cikin jirgi. Ga iskar farkon damina da ke tashi ba sallama. Babu wanda ya manta da jirgin da ya tarwatse a kusa da Wara a watan Mayun 2021, da yawan mutanen da ruwa ya ci. Kawu bai ambaci wannan ba, amma na san shi yake nufi.

Na zauna na yi masa lissafi a ƙasa da tsinke. Jirgin in ya kammala zai kai kilo 60. A cikin ruwa kashi ɗaya cikin uku na nauyin fayiba ne ke jan ta ƙasa, kimanin kilo 20 ke nan. Jarka mai lita 25, babu komai a ciki, a rufe gam, tana ɗaga kusan kilo 24. In na gina akwati a goshi da wani a baya, na rufe jarka bibbiyu a ciki, za su riƙe jirgin su riƙe mutum uku da ke maƙale da shi. Ƙanena ya kawo shawarar farin soson da ake kunshe firji da shi, tunda kyauta ake samu. Na ɗiga masa rezin a kan wani guntu, ya ga yadda ya narke ya zama majina. Soson da rezin dangi ɗaya ne, shi ya sa yake cinye shi.

Kawu ya daɗe yana kallon zanen. Ya sa ƙafa ya share akwatin goshin, ya sake zana shi baya kaɗan. Ya ce nan da na sa shi nan mai jefa birgi ke tsayawa, in ya taka sama zai yi tangal-tangal. Wannan ban taɓa gani a bidiyon kowa ba. Ya kuma ce in ƙara kauri a ƙasan goshi, domin nan ke cin yashi duk lokacin da aka ja jirgi tudu.

Ba mu koma aiki ba sai bayan La'asar. Na goge bakin inda muka tsaya da samfefa mai kaushi, na share da asiton, muka ci gaba da rabin kilo rabin kilo a faffaɗan kwano, domin a shimfiɗe rezin bai cika tara zafi ba. Ana kiran Magariba muka sa rola ta ƙarshe. Na ga tabo fari guda uku kusa da baya, na zagaye su da alli, gobe giranda za ta ci su.

Ɗazu na fita da tocila na ƙwanƙwasa. Ya yi tauri, yana amsawa kamar ganga. Abin da ke hana ni barci shi ne ranar ɗagawa: in akwai inda kakin bai kama ba, rigar za ta manne, in rasa sabo in rasa tsoho. Kawu ya aiko jikansa bayan Isha'i da saƙo cewa kada in kusanci jirginsa da ƙarfe, zai sassaƙo mini ƴan itatuwan da za a riƙa cusawa a baki, kuma da kansa zai buga su.

Na tambayi maman yara ko za ta ba ni jarkokinta huɗu na ruwa. Ta ce in fara kawo mata giwan ruwa tukuna.