Dodon da ba ya kisa

Masu zana dodanni don wasannin kwamfuta sun saba da tsari guda: a ƙara haƙora, a ƙara farata, a cika bakin da wuta. A kwas ɗin zanen halittu da nake yi ta intanet an ce kowa ya ƙirƙiri diragon, wato ƙaton dabban nan na tatsuniya mai jikin ƙadangare da fukafukai, amma ya ɗauko asalinsa daga camfin wata al'umma. Ni na ɗauki banshi ta mutanen ƙasar Ayilan da ke Turai, kuma aikin ya sauya mini yadda nake kallon abin tsoro.

A camfinsu, banshi aljana ce da ake jin kukanta da dare kusa da gida idan wani daga cikin dangi ya kusa rasuwa. Ba kowane gida take bi ba. An ce tsofaffin zuriyoyi take bi, waɗanda sunansu ke farawa da O ko Mac, irin su O'Neill da O'Brien. Wasu sun ce tsohuwa ce 'yar ƙarama, wasu sun ce budurwa ce doguwa, amma galibi da dogon gashi tana taje shi, idanu sun yi jawur don kuka. Har ana hana yara ɗaukar matajin da suka tsinta a hanya, kada ya zama nata. Akwai ma labarin wata aljana mai suna Aoibheall, wadda aka ce ta sanar da sarkin Ayilan Brian Boru cewa ba zai tsira daga yaƙin Clontarf na 1014 ba, kuma a ranar aka kashe shi.

Darasin farko shi ne sanin inda za ka nemi labari. Hotunan da ke yawo a intanet mayya suke nunawa, mai ihun da ke fasa kunne ya kashe mutum. Amma Hukumar Adana Al'adun Gargajiya ta Ayilan, wadda aka kafa a 1935, ta sa 'yan firamare fiye da 50,000 sun rubuto labarai daga bakin kakanninsu da maƙwabta tsakanin 1937 da 1939, kuma an ɗora littattafan a intanet da rubutun hannun yaran. A waɗanda na karanta, banshi ba ta taɓa kowa. Kuka kawai take yi, a gindin taga ko bakin rafi, gari ya waye labarin mutuwa ya iso. Kukanta irin na matan da ake gayyata gidan makoki ne a da can, su rera waƙar baƙin ciki a kan gawa, al'adar da cocin Katolika ya daɗe yana yaƙa har ta shuɗe. Wato ita 'yar gida ce, ta riga kowa zaman makoki.

Wannan ya sa na cire wuta gaba ɗaya. Na ba diragon ɗin dogon wuya da maƙogwaro mai buɗewa, domin murya ce duk abin da ya mallaka. Fukafukansa na yi su ruwan toka, suna lulluɓe jiki kamar mayafi idan ya sauka. Gezarsa fara ce tana jan ƙasa, faratan gaba kuwa sirara a jere kamar haƙoran mataji, da su yake tsefe ta. Ba su da amfani a faɗa ko kaɗan. Wata 'yar ajinmu ta ce sai ka ce bai ci abinci ba wata guda. Haka ake so, in ji ni.

Gardama ta taso da muka zo kan yadda za a buga wasan. Malaminmu ya ce, dodon da ba ya kai hari me ɗan wasa zai yi da shi? Tambayar da gaskiyarta, don kamfani ba zai biya kuɗin abin da ba a yaƙa ba. Amsar da na kawo ita ce diragon ɗin ya riƙa bin zuriyar jarumin. Idan aka ji muryarsa a kan tsauni, ɗan wasa ya san ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa ba zai kai safiya ba, amma bai san wane ba. Zai iya harbe shi idan ya ga dama. Mutuwar dai tana nan zuwa, sai dai daga ranar ba mai sake yi masa gargaɗi. Duk wanda ya taso a garin da ake jifan mujiya don ta yi kuka a kan rufi ya san wannan halin na huce haushi a kan mai kawo labari.

Sauran abin da na koya na sana'a ne zalla. Siffar dodo dole a gane ta daga inuwa kawai, don haka na rage ado sosai. Murya kuwa ta fi zane wahala. Mai haɗa sauti ya gauraya muryar mace da kukan tsuntsu, muka yi ta rage ƙarfin har ta daina kama da ihu.

Malamin bai gamsu sarai ba. Ya ba da maki mai kyau, amma ya rubuta a gefe cewa masu sayen wasa za su nemi wuta, in shirya zane na biyu da ita don jakar neman aiki. Na zana, na ajiye su biyun a jere, kuma mara wutar na sa a shafin farko.