Jarumaina biyar da gadar Kaduna

Daminar bara ciniki ya yi sanyi a shagonmu na Tudun Wada, sai na ɗauko littafin rubutu da biro na fara zana labarin jarumai masu baiwa, irin na tsofaffin mujallun Amurka da na taso ina karantawa. Biyar na ƙirƙiro: mai ƙarfi, mai gudu, mai sarrafa iska, mai jin magana daga nesa, da wata yarinya wadda wayo kaɗai gare ta.

Kashi na farko faɗa ne zalla, shafi 12 na naushi da ƙura. Ɗan yayata ya duba ya miƙo mini. "Kawu, ai ba wanda ya ji ciwo." Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa. Ga shi kuma in na cusa su biyar a zane ɗaya, ni kaina ba na gane hannun wa ke wuyan wa.

Nan na tuna abin da kamfanin mujallu na Marvel suka yi a 1973. Mugun labarin, Green Goblin, ya jefo Gwen Stacy, budurwar jarumi Spider-Man, daga kan gada, Spider-Man ya harba zarensa ya kamo ƙafarta, ya jawo ta sama a mace. Fizgar ceton ce ta karya mata wuya.

A kashi na biyu na cika kogin Kaduna har ya tumbatsa, gada ta tsage da bas cike da fasinjoji a kai. Kowa na ba shi aiki ɗaya da zanensa shi kaɗai, rikicewar nan ta kau. Mai gudu na kwashe mutane, mai jin nesa na nuna inda ake ihu. Mai ƙarfi ya tallafe gadar da kafaɗa, in ya saki kowa ya tafi, yana ji yana gani ruwa ya ja ƙaninsa.

Ban zana kuka ba, don ban iya zana hawaye ba, sai su yi kama da gumi. Uwar mai ƙarfi da ƙaninsa na zana da daddare, ta zuba tuwo kwano biyu kamar kullum, ta tsaya tana kallon ɗayan.

Yaron ya daɗe a kan wannan shafin. Can ya ce, "Kawu, don Allah ka dawo da shi." Na san a Amurka ana yi, Superman ya mutu a 1992 ya dawo a 1993. Ni dai har yanzu ban taɓa kashi na uku ba, kuma duk Juma'a sai ya leƙo shago ya tambaya.