Huji huɗu ko a tsaga ciki: lissafin da na yi kafin aikin hanjina

Ranar da likita ya ce min akwai wani ƙari a babban hanjina kuma sai an yanke wannan ɓangaren an haɗa sauran, wallahi ba mutuwa na fara tunawa ba, cikin Yaya na tuna. Shi taifot ne ya huda masa hanji shekarun baya, aka tsaga shi tun daga saman cibiya har mara, ɗinkin ya yi ruwa, ya daɗe a gado, daga baya kuma ƙaba ta fito masa a wurin ɗinkin sai da aka sake komawa. To da likitan ya ce "Alhaji hanya biyu ce, ko mu buɗe cikin ko mu yi ƙananan huji mu yi aikin da kyamara", kafin ya rufe baki na ce kyamara. Ya yi dariya ya ce in bari in ga takardar kuɗi tukuna.

Na gani kuwa, jikina ya yi sanyi. Na kyamara ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma da na tambaya ya yi min bayani ban ga cuta a ciki ba: akwai kayan da sau ɗaya ake amfani da su a yar, musamman abin da ke yanke hanji ya ɗinke shi lokaci guda, daga waje ake kawo su da dala, ga aikin ya fi ɗaukar lokaci a ɗakin tiyata, ga janareto yana shan mai. Ya ce tun 1991 aka fara cire ɓangaren babban hanji ta wannan hanyar a Amurka, kuma manyan binciken da aka yi can da Ingila wajen 2004 da 2005 sun nuna wajen warkewa daga ciwon daji duka biyun kunnen doki ne, bambancin yana wajen zafi, girman rauni da saurin tashi.

Na koma gida Tudun Wada, ni da uwargida muka zauna da biro. Ni hatsi nake sayarwa a Kasuwar Bacci, duk ranar da ban fita ba yara ne a shago kuma kun san yadda wannan take. Muka sa kuɗin gado na kowane dare, kuɗin Keke safe da yamma na kai abinci, ƙanena da zai bar aikinsa ya yi jinya, wankin ciwo, maganin zafi. Da muka haɗa sai tazarar ta ragu sosai, ba ta rufe ba fa, kar in yi ƙarya, har yanzu buɗewa ta fi sauƙi a aljihu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne wani layi a takardar sa hannu, wai idan sun shiga suka tarar hanjin ya manne ko jini ya ɓalle za su buɗe cikin nan take. Na ce likita kenan zan iya biyan kuɗin kyamara in farka da irin tabon Yaya? Ya ce ƙwarai, kuma duk wanda ya yi maka alƙawarin ba zai taɓa buɗewa ba ka gudu. Wannan maganar ce ta sa na yarda da shi.

An yi aiki, huji huɗu ƙanana, sai wata ƴar tsaga kamar tsawon yatsa inda suka zaro abin. Abin da ya ba ni mamaki kafaɗata ce ta fi ciwo ba ciki ba, ashe iskar kabon da suke hura ciki da ita don su ga wuri ce ke jawo haka. Washegari nas ta tashe ni tafiya, kuma kowa ya shigo tambaya ɗaya ce, "Baba ka yi tusa?", ni da girmana, ranar da na yi kuwa har barka aka yi min aka kawo kunu. Kwana biyar aka sallame ni. Na kusa da gadona toshewar hanji ta kawo shi cikin dare, cikinsa ya kumbura tim, shi ba a ma ba shi zaɓi ba kuma buɗewar ce ta cece shi.

Inda na yi wauta shi ne sati na biyu, na ga hujin sun kame, ina sallah a tsaye har da sujada, sai na leƙa kasuwa na kama bakin buhun masara da yaro. Wani abu ya ja ni a ciki sai da na tsuguna. Da na koma likita ya duba ya ce Allah ya kiyaye babu abin da ya ɓalle, amma ya yi min faɗa sosai, ya ce ƙofar ce ƙarama, yankan da ke hanji iri ɗaya ne da na wanda aka tsaga, ba ni ba ɗaukar nauyi sai bayan sati 6. Uwargida ta karɓe makullin shago ta ba ƙanena, sai ranar da sati shidan suka cika cif ta dawo min da shi.